Izgar Kili

Duk gidanmu ni ce mai iyayi, kuma ban taɓa musun hakan ba. Idan fanka ta tsaya ni ce zan ce a miƙo min sukudireba, idan wani ya kwanta zazzaɓi ni ce likita. Mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, takan ce da shisshigi sana'a ce da tuni na gina bene. Da wannan halin nawa na ƙone wa mahaifina abu ɗaya tak da ya rage masa na dokinsa, kuma har yau ban yafe wa kaina ba.

Baba ya zo Abuja tun tana daji, katafila na ture itatuwa. Aikinsa kula da dawakan manyan mutane masu wasan ƙwallon doki. Shi ne wanka, shi ne taje geza, shi ne yankan ciyawa da jiƙa dusa da kanwa. Sama da shekara talatin yana goge bayan dokin wani, bai taɓa mallakar ko kofato ba. Da ƙarfinsa ya fara ja da baya, ogansa ya sallame shi da wani tsohon doki fari, irin wanda ake kira kili, wanda ya taɓa gurɗewa a gwiwa har aka daina wasa da shi. Mu 'ya'yansa muka so a sayar a saya masa babur. Baba ya dube mu kamar mun ce a sayar da ɗaya daga cikinmu. Ko mota bai yarda a sa dokin ba, da ƙafa ya ja shi tun bayan sallar asuba, suka isa gidanmu na Karshi ana kiran magariba. Bai raɗa masa wani suna ba, Kili kawai yake ce masa.

Shekara tara suka yi tare. A cikinsu mahaifiyarmu ta rasu, a cikinsu kuma idanun Baba suka fara dushewa. Ya daɗe yana ɓoye mana, don Kili na rufa masa asiri. Dokin ya san hanyar gona, ya san ta masallacin Juma'a, ya san rumfar mai goro inda Baba ke tsayawa hira. Baba sai dai ya hau ya saki linzami. Ƙanwata, wadda ke aure a maƙwabtansa tana kai masa abinci, ita ta fara ganin yana laluben kwanon da ke gabansa, sannan muka gane abin ya yi nisa.

Kili ya mutu da damina, ciwon ciki na yini biyu. Kafin a ja shi zuwa ramin da aka haƙa a bayan gona, Baba ya sa aka ba shi wuƙa, ya laluba ya yanko izgar, wato dogon gashin wutsiya, cikin hannu guda. Ya ɗaure gindinta da igiyar fata. Daga ranar ba ta rabu da shi ba. Yana zaune a ƙofar gida, izgar na kan cinyarsa, yana tsefe ta da yatsu daga sama har ƙasa yadda ya saba yi wa mai ita kowace safiya. Wani lokacin ya kai ta hanci. Bai yi kuka a gabanmu ba, amma ya daina zuwa kasuwa, ya daina kunna rediyonsa.

Ni kuwa abin da idona ya gani shi ne gashin na ƙarewa. Duk Asabar da na je daga cikin gari, sai na tarar ƙanwata ta share guntayen farin gashi a ƙofar gida. Na ce wa Baba ya bari in sa masa a gilashi a rataye a bango. Ya ce, "Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa aka sa min, "abin da ke cikin gilashi na masu ido ne." Amma ban bar maganar a raina ba.

Ana haka abu biyu suka haɗu a wata ɗaya. Likita ya duba Baba ya ce yanar ido ce, za a iya cirewa. Ya ƙara da cewa ba ya hango abin da ke bayanta, sai an cire za a san ko jijiyar na da rai. Rabin maganar na ji, rabin da nake so. Sai kuma wata abokiyar aikina ta miƙo min wayarta a ofis, ta ce, "Anti, kalli abin da Turawa ke yi idan dokinsu ya mutu." Wata mata ce a bidiyon ta zaro farar tukunya daga wuta, ta ɗora mata silin gashin doki. Gashin ya nannaɗe, ya yi hayaƙi, ya ɓace, ya bar baƙin zane mai lanƙwasa a jikin tukunyar. Sau biyar na kalla. Kafin in mayar mata da wayar na gama tsara komai. Ranar da za a buɗe wa Baba ido, zai ga Kili a jikin tukunya, baƙi a kan fari, yadda ko raunannen ido zai iya rabewa. Kashi ɗaya cikin uku na izgar zai isa, sauran ya ci gaba da shafawa.

Wata mai sayar da tukwane a kasuwar Wuse ce ta kwatanta min gidan goggonta, a wani ƙauye gaba da Sheda. Tsohuwa ce 'yar Gbagyi, gajeruwa, hannuwanta sun fi na namiji kauri, tun tana yarinya take ginin tukwane. Mama nake ce mata, kamar kowa. Na nuna mata bidiyon, ta riƙe wayar nesa da fuskarta tana yamutsa baki.

"Gashin doki a kan tukunya? Wannan magani ne?" ta ce. "Ni ba na aikin magani fa, ni mutumin coci ne."

Na rantse mata ba asiri ba ne, na ba ta labarin Baba da Kili. Sai ta ce ita ma mijinta ya mutu ya bar fartanyarsa, kuma ba ta bari kowa ya taɓa. Ta yarda za ta gina guda biyu, don wuta ba ta da amana, takan ci ɗaya ta bar ɗaya. Abu ɗaya muka yi gardama a kai. A wajensu duk tukunyar da ta fito daga wuta, tun da zafinta ake yayyafa mata makuba, wato dafaffen ruwan ɓawon ɗorawa, ita ke toshe jikin tukunya ta ba ta launin nan mai duhu. Na ce waɗannan biyun ba za a sa musu ba, farare nake so su zauna.

"To ruwa zai bi jiki ya fita," ta ce.

"Ba za a zuba musu ruwa ba, Mama. Na kallo ne."

"Tukunya wanda ba ya riƙe ruwa, ba ya dafa miya. Ku mutanen Abuja!" ta ce, kamar ita ba a Abujar take ba.

Sau biyu na je kallon aikin. Ba ta da injin juyi. Yumɓun na zaune a kan kifaffen turmi, ita ce ke zagaya shi da baya da baya, hannu ɗaya ciki ɗaya waje, har tukunya ta tashi. Da suka sha iska ta shafe su da farar ƙasa, ta goge da dutsen rafi har suka yi santsi kamar ƙwai. Saura gashi, kuma ban san ta inda zan raba Baba da shi ba.

Shi da kansa ya ba ni. Da muka kai shi asibiti suka ce sukarinsa ya hau, sai ya kwana uku ya sauka kafin a yi aikin. Da aka kawo masa rigar marasa lafiya ya zaro izgar daga aljihu, ya lalubo hannuna ya damƙa min. Ya ce, "Uwata, riƙe min wannan. Nan ba su san darajarta ba, za su share." Na ce to. Ajiya ya ba ni, da bakinsa ya faɗa, da kunnena na ji. Washegari Asabar na bar ƙanwata a wajensa, na kama hanyar Sheda da izgar a jakata.

Bazara ce, tun hantsi rana ta buɗe. Mama ta jera tukwanenta na kasuwa sun fi ashirin a filin bayan gida, namu biyu a tsakiya ta kife musu kasake don kada hayaƙi ya ɓata farin. Ta lulluɓe duka da itace da busasshiyar ciyawa ta cinna wuta. Da wutar ta lafa ta fara zaro su da doguwar sanda. Kwanon makuba na gefenta da tsintsiyar ganye a ciki. Ta zaro, ta tsoma, ta yayyafa, shuu, tururi ya tashi, ta ture gefe ta zaro wata. Ko kallon hannunta ba ta yi.

Ta fito da tamu ta farko ta ɗora a kan dutse, fara tas. Na kwance igiyar fatar na ware kashi ɗaya. Silin farko da na ɗora ya ɓace nan take, ko tabo bai bari ba. Mama ta ce zafi ya yi yawa, in jira. Ta riƙa kai bayan hannunta kusa da tukunyar, can ta ce, "Yanzu." Na ɗora. Gashin ya motsa ya nannaɗe, ƙauri irin na babbakar kan rago ya tashi, baƙin layi ya fito ya zauna. Na ɗora wani, na ɗora wani. Wallahi ta fi ta bidiyon kyau. Hawaye na zuba ina dariya, ina cewa a raina Baba zai ga wannan.

Sai wayata ta yi ƙara. Ƙanwata ce. Na juya baya na toshe kunne ɗaya, tana gaya min sukari ya sauka, Litinin za a yi aikin. Ina cikin cewa alhamdu lillahi na ji shuu a bayana.

Na waiwaya na ga Mama tsaye da tsintsiyar ganye a hannu, tururi na tashi daga tukunyata. Makuba ta malale farin, ta shanye zanen, tukunyar ta koma launin kowace tukunyar miya. Mama ta saki tsintsiyar ta ɗora hannu biyu a ka.

"Yesu! Hannu ne, ɗiyata, ba ni ba ne. Hannu ya saba."

Abin da na faɗa wa tsohuwar nan ba zan rubuta shi duka ba, mafi sauƙinsa shi ne sabo turken wawa. Matar da ta isa haihuwata, na tsaya a filin gidanta ina ɗaga mata murya. Sai ta nuna min toka da sandarta, ta ce ta biyun na hucewa, in za a yi a yi yanzu.

A nan ne ya kamata in ɗaure abin da ya rage in koma. Kashi biyu na hannuna, Baba zai ji ta ragu amma zai samu abin shafawa. Sai dai raina ya ɓaci, kuma ban saba komawa gida in ce na gaza ba. Na ce ta fito da ita. Don haushi ban jira ta ce yanzu ba, na damƙo da yawa na ɗora, zafi ya lashe su a banza. Da zafin ya daidaita, iska ta fizge wasu ta kai cikin garwashi. Gefe ɗaya ya yi kyau, ɗayan ya zauna fari, na ce bari in cike nan. Na cike nan sai can ya yi kama da ba a gama ba. Na ji Mama na cewa, "Ya isa haka, ka bar wa baba saura," na yi kamar ban ji ba. Ban farga ba sai da na kai hannu na ji babu komai sai igiyar fata. Tukunyar ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Da ta huce na naɗe ta a zani, duk hanya ina gaya wa kaina idan ya gani zai manta da sauran.

Ranar Talata aka cire bandejin. Ina tsaye a gabansa da sabon mayafi mai haske don ya fara ganina. Likita ya ɗaga yatsu ya ce nawa ne, Baba ya ce bai ga hannu ba balle yatsu. Aka haska masa fitila, aka sake gwaje-gwaje, daga baya likitan ya ja mu gefe ya ce yanar ta fita lafiya, amma jijiyar ta daɗe da mutuwa, ɗayan idon ma haka ne. Baba ya ji, don ba abin da ke wuce kunnensa. Ya ce, "Wanda ya ba ni aro ya karɓi abinsa. Uwata, ina ajiyata?" Na ce tana gida.

A Karshi ya zauna a tabarmarsa ta ƙofar gida ya miƙo hannu. Na durƙusa na ɗora masa tukunyar a cinya. Ya shafa bakinta, ya zura hannu har ƙasa yana lalube, yana zaton a ciki na sa. Sannan na gaya masa komai, ban rage ba, har makubar, har maganar da Mama ta yi na ƙi ji.

Ya bi jikin tukunyar da tafin hannu a hankali, sannan da kan yatsa, sannan da farce. Gashin da ya ƙone ba ya barin tudu ba ya barin rami, launi ne kawai. Santsi ne a ko'ina. Ya kai ta hanci, ya sauke.

"Duka?" ya ce.

"Duka, Baba."

"Wane launi ya fito?"

"Baƙi."

"Kili fari ne fa," ya ce, ƙasa-ƙasa.

Da ya zage ni da na samu sauƙi. Da ya buga tukunyar da ƙasa da na ce na karɓi hukuncina. Sai ya ce Allah ya yi min albarka, ya san alheri na nufa, in je in ci abinci. Na shiga ɗakin mahaifiyarmu na toshe baki da mayafin, na yi kuka har kaina ya yi ciwo.

Asabar uku ban je Karshi ba, ina fakewa da aiki. A cikinsu na koma wajen Mama na durƙusa na ba ta haƙuri. Ta ce ta yafe tun ranar, hannunta ne ta kasa yafe wa, kuma tukunyar farko na nan a ɗakinta ta ƙi sayarwa. A mako na huɗu ƙanwata ta kira ta ce, "Yaya, Baba ya ce in ba ki zo ba shi zai zo, kuma kin san yanzu ba shi da mai kawo shi." Na je.

Na same shi a ƙofar gida, tukunyar na cinyarsa. Bayan gaisuwa ya miƙo min yatsansa manuni ya ce, "Kama. Bi da ni inda gashin ya bi." Na kama yatsan na ɗora a bakin tukunyar inda layi mafi tsawo ya fara. Layin ya gangaro, ya karkata dama, ya yi ƙulli biyu, ya zagaya cikinta ya ƙare kusa da gindi. Baba ya ce, "Wannan doguwa ce, ta tsakiyar wutsiya ce. Sake." Ranar sau bakwai muka bi. Daga nan ya zama aikinmu na kowace Asabar, muka bi babban muka bi ƙananan, kafin in ajiye jaka yatsan na miƙe.

Abin da bidiyon bai faɗa ba shi ne irin wannan zanen ba ya son rana, ba ya son yawan taɓi. Baba kuwa a rana yake zama da ita tun safe, yana murza ta yini guda da gumin hannunsa. Da ta yi dauɗa ƙanwata ta wanke ta da soso da sabulu, da kyakkyawar niyya irin tawa. Kafin shekara ta zagayo baƙin ya koma toka-toka, ƙananan layukan suka ɓace, babban ma sai na karkata ta ga haske nake hango shi. Daga baya na daina hangowa. Ban gaya masa ba. Na ci gaba da kama yatsan ina yawo da shi inda na ga dama, ina cewa ga shi nan ya lanƙwasa, ga ƙulli nan.

Wata Asabar muna tsakiyar haka ya ƙame yatsan ya ƙi tafiya.

"Ba nan ba ne," ya ce. "Nan dama yake yi." Sannan ya ce, "Sun goge ko?"

Ya ji amsar a numfashina.

"To kawo naki," ya ce.

Ya kama yatsana ya ɗora a bakin tukunyar, ya bi da ni a kan farin da babu komai, bai yi ko tuntuɓe ba har gindi. Ya koma ya bi da ni ƙananan ɗaya bayan ɗaya. Hawayena na ɗiga a bayan hannunsa, ya ce in daina jiƙa masa tukunya, ai na san ba ta riƙe ruwa. Daga ranar shi ke ja, ni ke bi. Ni kuwa maimakon in riƙe hanyar, fuskarsa nake kallo, ina ganin ai Asabar ba ta ƙarewa.

Baba ya rasu a damina ta biyu bayan haka, wata Laraba, ina ofis. Da aka zo rabon 'yan kayansa ba wanda ya nemi tukunyar, fara ce kawai mai dauɗar hannu. Tana ɗakina yanzu. Nakan ɗauke ta in ɗora yatsa a bakinta, in gangaro, in karkata dama, in yi ƙullin farko. Na san akwai na biyu, amma ban san inda yake ba, kuma babu wanda zan tambaya.